Ba Yunwa Suke Ji Ba: Kwana Ɗaya A Bakin Kwamin Kifi A Karakkai

Mai karatu, kafin in kai ka Karakkai bari in fara faɗa maka abin kunyar da na yi a falona. Shekarata 11 ina aikin jinya. Idan aka shigo da yaro ɗakin marasa lafiya, tun daga bakin ƙofa nake gane wanda numfashi ke yi wa wuya: hanci na buɗewa yana rufewa, haƙarƙari na lotsawa ciki, baki a sake. Amma ranar da kifayen ɗana guda huɗu suka taso saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, sai na ce da shi, "Ka gani, abinci suke roƙo, ƙara musu." Ya ƙara musu kuwa, da hannu sake. Da gari ya waye uku sun juya ciki sama.

Jajayen kifin ado ne, irin waɗanda aka fara kiwo a ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Babansa ya sayo masa su daga Kano a ɗan akwatin gilashi, tare da injin hura iska. Watan Afrilu ne, zafin Gusau ya kai inda yake kaiwa, wuta ta kwana biyu ba ta leƙo unguwarmu ba, injin kuma da wuta yake aiki. Yaron ya yi kuka har ya ƙi zuwa makaranta. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, alamar da nake koya wa ɗalibai su gane a jikin mutum ita aka nuna mini a cikin gilashi, na kasa karantawa. Daga nan na shiga karance-karance da damun masu kiwon kifi da tambaya.

Shi ya sa da Gwaggo ta kira ni bana, a tsakiyar bazara, tun kafin ta ƙarasa magana na san inda aka dosa.

"Ɗiyata, kihin nan sun ƙi komawa ƙasa tun jiya. Sun yo sama sun tsaitsaya. Na zuba musu abinci har sau ukku, ko kallo nai ba su yi ba."

Na ce, "Gwaggo, don Allah kada ki ƙara zuba ko ƙwaya ɗaya. In akwai yara kusa, su rage ruwan su zuba sabo. Gobe ina tafe."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tana aure a Karakkai ta ƙasar Bungudu tun ban san kaina ba. Mijinta ya rasu ya bar mata gona, amma gonar tana can nesa da gari, kuma ba sai na yi maka dogon bayanin abin da gona mai nisa ta zama a Zamfara a 'yan shekarun nan ba. Sai 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka kafa mata kwamin tamfol a bayan ɗaki, aka zuba 'ya'yan tarwaɗa 400. Sana'a ce da ba ta fitar da mace ko ƙofar gida. A cikin ruwan nan kayan ɗakin autarta suke, wadda aka sa ranar bikinta bayan kaka. Kowane kifi ya mutu, kwano ne ko zanin gado ya tafi.

Yanzu ba a sammako a hanyoyinmu, ba a kuma yin yamma. Sai da rana ta ɗaga, motoci suka fara kai da komowa, sannan na fito. Kogin Sakkwato da ya bi ta gefen Gusau ya janye jikinsa, rairayi ya fi ruwa yawa. Mota ta sauke ni, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Gonaki fayau, an yi sharar gona an tara kara ana jiran ruwan farko. Gawo ne ke tsaye da ganyensa shar, shi da ya saɓa wa sauran itatuwa, da rani yake tofo, damina na sauka ya kaɗe. A bakin gari na tarar da layin jarkoki rawaya ya miƙe daga famfon burtsatse, mata da yara na zaune a kansu suna jiran layi. Ka riƙe wannan layin a ranka, domin rabin labarin kifin Gwaggo a nan yake.

Karakkai gari ne na katangar ƙasa da rumbuna, inda gaisuwa ba ta ƙarewa da wuri. Sai da aka tambayi maigidana da yara da mutanen asibiti ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye mini fura da nono a ƙwarya, sannan Gwaggo ta yarda muka zagaya baya. Hancina ya riga idona isa. Wari ne mai hawa kai, irin na makewayin da aka kwana biyu ba a wanke ba.

Kwamin na tsaye tsakar rana, ba inuwa ko ta tafin hannu. Na tsoma hannu, ruwan kamar wanda aka surka wa mai jego. Launinsa ya koma ruwan ƙasa, kumfa ta taru a kusurwoyi, ƙwayoyin abincin jiya sun kumbura suna yawo. Kifayen kuwa sun rataye a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a waje. Na kaɗa hannu a kansu, da ƙyar wasu suka nutse, suka sake tasowa nan take. Wannan shi ne gwajin farko da zan ba ka, kuma ba ya cin ko sisi. Kifi mai jin yunwa yana da kuzari, yana rububi, yana bin inuwarka, abinci na faɗawa ya wawushe. Wanda numfashi ya ƙwace wa ba ruwansa da kai, ba ruwansa da abinci.

Kifi ma iskar oksijin yake shaƙa kamar ni da kai, sai dai shi wadda ta narke a cikin ruwa yake tacewa. Ka san jan abin nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, wanda muke cirewa idan muna gyaran kifi? Shi ne huhunsa. Ruwa ya shiga ta baki, ya bi ta kan matsefin, jini ya ɗebi iska. Matsalar ita ce ruwa marowaci ne. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, amma lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 20 ba ta riƙe fiye da miligiram 9, wato lita ɗaya ta iska ta ninka ta kusan sau 30. Ruwan na ɗumama abin na raguwa: a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi. Shi kuma kifi jikinsa zafin ruwa yake bi, duk ƙarin digiri 10 buƙatarsa ta iska kusan ninkawa take yi. Ka ga bazara ta ci shi gaba da baya, tana rage abin da ke akwai, tana ƙara masa buƙata. Abin da ke kai shi sama kuwa, fatar ruwan nan ta can bisa, wadda ke gogayya da iska, ita ta fi ko'ina oksijin. Ita yake tsotsa idan ka ga yana buɗe baki.

Sai dai tarwaɗa tana da wata baiwa. A saman matsefinta akwai wata tsoka mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da ita take shaƙar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa take daɗewa da rai a daron mai talla, shi ya sa kuma ake iya cusa ta da yawa a kwami ɗaya. Tarwaɗa ta taso ta kurɓi iska ta koma ƙasa da gudu, lafiyarta ƙalau, haka Allah Ya yi ta. To in haka ne, me ya rataye na Gwaggo?

Na ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu na ɗaga murfin kumatun. Maimakon ja jawur, sai na ga ya dusashe ya yi duhu, majina ta lulluɓe shi. Kifi a cikin ruwan da yake sha yake bawali da bayan gida, kuma yawancin dattin da yake fitarwa amoniya ce. Abincin da ya ruɓe ma amoniya yake komawa, ƙwayoyin bakteriyar da ke ruɓar da shi kuma suna cinye iskar ruwan. Amoniya tana ƙona matsefin, dafinta kuma ya fi tsanani a ruwa mai zafi. Wasu bakteriya sukan juya ta ta koma wani sinadari da ake kira naitirait, shi kuma jini yake shiga ya mayar da shi ruwan ƙasa, ya hana shi ɗaukar iska. Mu ma a asibiti mun san irinsa: ga tukunyar oksijin cike a gefen gado, amma huhu ya cika da ruwa, ko jinin ya kasa ɗauka, mara lafiya na ta haki.

Da na bi diddigi, lissafin ya fito da kansa. An zuba kifayen suna kamar ɗan yatsa, yanzu wata huɗu, wasu sun kai rabin kilo, kwamin kuwa bai ƙara faɗi ba. Da can duk kwana biyu ko uku ake canja ruwa. Da bazara ta tsananta, layin famfo ya yi tsawo, kuɗin jarka ya hau, sai canjin ya koma mako-mako, na ƙarshen ma ya haura. Ba sakaci ba ne. Macen da ke auna ruwan sha da na alwala, ta ina za ta fara da na kifi?

Muka tara yaran maƙwabta da bokitai. Na sa tiyo a ƙasan kwamin muka zuƙe laka da ruɓaɓɓen abinci, domin a nan dafin yake kwance. Muka fitar da kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, aka juye shi a gindin zogale da 'yan shukokin Gwaggo, taki ne mai kyau. Ba mu zubar da duka ba, saboda kifin da ya riga ya galabaita, in ka jefa shi cikin ruwan da zafinsa da ɗanɗanonsa suka bambanta gaba ɗaya, sauyin kaɗai na iya ƙarasa shi. Sabon ruwan kuma ba mu kwarara shi haka nan ba. Ruwan rijiya da na burtsatse daga ƙarƙashin ƙasa suke, iskar cikinsu kaɗan ce ko da sun yi garau. Sai na sa wani dogon yaro ya riƙe kwando a sama, ana zuba ruwan ta ciki yana tarwatsewa kamar yayyafi. Aka kafa sanduna aka ɗora zana ta yi inuwa. Muka tsame matattu. Na narka gishirin girki a bokiti, gwargwadon ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 5, muka zuba a hankali. Gishiri yana tare naitirait daga shiga jini, amma ba ya ƙara iska, ba ya kuma cire amoniya, kada wani ya ce maka maganin komai ne.

Inda muka yi daga da Gwaggo shi ne batun abinci. Na ce kwana biyu ba za a ba su komai ba. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Dabba tana hannunka ka hana ta ci? Alhaki hwa, ɗiyata."

Na ce, "Gwaggo, in aka kawo mana yaro numfashinsa na sama-sama, ba ma ɗura masa koko, sai ya lafa. Narkar da abinci ma iska yake ci. Kifi yakan yi kwanaki bai ci ba lafiya lau, amma duk ƙwayar da kika zuba yanzu dafi za ta koma."

Ta yi shiru, sannan ta ɗauke buhun abincin ta kai ɗaki ta rufe, wai don kada zuciyarta ta karye.

La'asar ta yi, ba halin komawa Gusau, sai na kwana. Dare a ƙauyukanmu yanzu da kunne ɗaya ake barcinsa. Kare ya yi haushi, hira ta tsaya. Ƙarar babur ta taso daga nesa, kowa ya kasa kunne har ta wuce. Muna kwance a tabarma a tsakar gida saboda zafi, ina jin Gwaggo na tashi tana haska kwamin da tocila, kamar yadda nake zagayen gadaje da tsakar dare.

Da asuba na ga abu na biyu, wanda shi ya fi kama da abin da ya faru a falona. Jikan Gwaggo yana da wani tsohon kwamin siminti a gefen rijiya, ya zuba 'yan karfasa da aka kamo masa. Jiya da rana na leƙa na gan su suna wasa a ruwa kore shar, na wuce. Yanzu ga su duka a sama, bakuna jere suna tsotsar fatar ruwa. Karfasa ba ta da baiwar tarwaɗa, abin da ruwa ya ba ta shi ke nan. Koren nan gansakuka ce. Da rana tana ƙera oksijin da hasken rana har ya yi yawa, rana na faɗuwa ta daina, ta koma shaƙa ita ma tare da kifin. Haka za a kwana ana ci ba a ƙarawa, kafin fitowar rana tukunya ta yi ƙaƙaf. Shi ya sa mai kiwon kifi da asuba ya kamata ya yi zagayensa. Wanda ya leƙa da hantsi zai rantse komai lafiya. Muka ɗauki kwanoni ni da yaron, muna ɗiba muna zubowa daga sama. Kafin a idar da lazimi a masallaci sun fara sauka.

Wani tsoho maƙwabcin Gwaggo, wanda ya yi su yana saurayi, ya tsaya yana kallonmu ta kan katanga.

"Likita, wanga abu mun san shi tun muna yara. Ruwan farko in ya sauka, ya kwaso kashin shanu da shara ya zuba a tabki, washegari kihi duk ya taso, da hannu muka kama shi."

Gaskiyarsa. Dattin da ruwan farko ya kwaso yana ruɓewa ya cinye iska, sanyinsa kuma yakan birkito ruwan ƙasan tafki wanda babu iska a cikinsa. Daga nan hira ta kai mu ga gaiwa, wadda ya ce sun sha haƙowa a busasshiyar fadama. Ita huhu gare ta na gaske. Ruwa na ƙafewa ta shige taɓo, ta naɗe kanta da majina, ta bar 'yar ƙofar iska, ta yi watanni a haka har damina ta dawo. In ka danne ta a ƙarƙashin ruwa ka hana ta tasowa, nutsewa za ta yi ta mutu, kifi guda. Saboda haka kafin ka tsorata da kifin da ke sama, fara sanin wane iri ne a hannunka. Cikin na ado ma akwai ɗan ƙaramin nan mai baza wutsiya da ba ya zama da ɗan'uwansa namiji sai faɗa, asalinsa Tailan, shi ma yakan taso ya kurɓi iska don haka aka halicce shi.

Na san yawancin masu karanta wannan ba kwamin tamfol gare su ba, akwatin gilashi ne a falo don yara. Dokar ɗaya ce. Ka ga sun taso suna haki, ɗauki kofi mai tsabta ka riƙa ɗiban ruwan kana zubowa daga sama na 'yan mintoci, ka maimaita lokaci-lokaci har wuta ta dawo. Kumfar injin nan ma yawancin amfaninta motsa saman ruwa ne, hannunka zai iya yin aikinta. Ɗauke abinci. Canja rubu'i ko sulusin ruwan, amma in na famfo ne a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti, saboda kulorin da ake sa masa don lafiyarmu yana ƙona matsefin kifi. Janye akwatin daga taga. In ruwan ya yi ɗumi, sa ruwan sanyi a gora ka rufe ta yi yawo a ciki, kada ka watsa ƙanƙara. Jajayen nan musamman ba sa son zafi, sun fi walwala a ruwan da bai wuce digiri 24 ba, ka ga a garuruwanmu kullum a bakin gaɓa suke. Akwai ɗan injin iska mai batir, wani ma ana cajinsa kamar waya. Da na san da shi da wuri, da ɗana bai yi kukan nan ba.

Wata ƙawata da ke aiki a Tsafe, can bayan ka wuce dutsen Kwatarkwashi a hanyar Funtuwa, ta taɓa turo mini hoton nata. Tulun gilashi ne mai ƙaton ciki da ƙaramin baki, kifi shida a ciki, an cika shi har wuya. Kyau kam akwai shi. Amma ta bakin nan kaɗai iska ke shiga, faɗinsa bai fi murfin kofi ba. Faffaɗar roba ta fi shi amfani ga kifin. Ga ta kuma da tsabta: duk Asabar ta juye ruwan duka, ta wanke tsakuwa da soson matata da sabulu. A jikin soson nan da tsakuwar bakteriya masu cinye amoniya da naitirait suke zaune, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Duk wankin da ta yi ta mayar da aikin farko. A ɗauraye soson a tsohon ruwan da aka ɗiba ya wadatar, sabulu kuwa ko kusa.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu mata musamman. Maganin sauro na feshi dafi ne mai ƙarfi ga kifi, kaɗan ya isa. Magariba ta yi an fesa falo an rufe ƙofa, injin iska na zuƙar iskar ɗakin yana turawa cikin ruwa. In za a yi feshi, kashe injin, lulluɓe akwatin da zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Haka hannun da ya sha mai ko turare, a wanke shi tas kafin a tsoma. In kuwa ruwa sabo ne, iska na shiga, ba cunkoso, amma kifi ɗaya ko biyu na ta haki suna goga jiki a tsakuwa, to zargi ya koma kan ƙwayoyin cuta a matsefi. A ware su a nemi likitan dabbobi ko masanin kiwon kifi, kada a buɗe kafson mutane a zuba musu.

Kafin in bar Karakkai muka sake rage ruwan tarwaɗar, muka ƙirga asara: 63. Gwaggo ta yi ta maimaita adadin a hankali. Muka yi shawara da babban ɗanta a waya, aka tsayar cewa da zarar sun warware za a tsame manyan a sayar wa masu banda ko da ba su kai girman da aka so ba, saura su sami sarari, kuɗin kuma a ware na ruwa daban kafin a taɓa na kayan ɗaki. Abinci sau biyu a rana, safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye nan take.

Rana ta ɗaga, ɗan kabu-kabu ya zo. Ta cusa mini ƙullin kuka da daddawa a jaka duk da na ce a bari. Kwana uku bayan nan ina tsakiyar aikin dare wayata ta yi ƙara, gabana ya faɗi, domin kiran dare daga ƙauye ba ya zuwa da sauƙi.

"Lahiya lau, ɗiyata, kwantar da hankalinki. Na haska ban ga ko ɗaya a sama ba, na ce ko sun mutu ne. Na jefa ƙwaya biyar, sai da suka jiƙa mini zane."